Hanya Ba Akushi Ba Ce

A Bungudu, lokacin da motar auduga ta fara bin hanyar Gusau, akwai wani yaro mai taurin kai. Kawunsa Jibo ne ke kai takardun hakimi Gusau a kan keke. Yaron ya hana Kawu sakat sai da ya koya masa hawa.

Kawu ya ce, "In ka hau hanya, ka riƙe gefen hagu. Ba tsakiya ba, ba dama ba. Ka jiya?"

A wancan zamani hagu ake bi. Yaro ya ce to, amma bai yarda ba. Tun yana ƙarami kakarsa Iya ke buge masa hannu in ya sa hagu a akushi. Ci da dama, gaisuwa da dama. Sai hanya ce za a bi ta hagu? Ina!

Wata safiya Kawu yana shan koko. A aljihunsa akwai takardar da ake jira a Gusau kafin azahar. In ta makara, aikinsa ya tafi. Yaro ya sulale da keke, ya kama gefen dama, har da kaɗa ƙararrawa.

Yana shan kwana sai ga mota gaba da gaba! Ya kauce, ya afka cikin ƙaya. Tayoyi suka sace, kan keke ya karkace.

Direba ya leƙo yana faɗa. "Ɗan wane ne wanga? So kake ka ja mini masifa?"

Kawu ya iso da gudu. "Mi na ce maka? Don Allah, mi na ce maka?"

"Iya ta ce hagu ba kyau."

Kawu ya dafe kai. Haushi ya cika shi. "Iya ta taɓa hawan keke? Hanya akushi ce?"

A ƙafa suka tafi Gusau ta gefen hagu, yaro na tura keke cikin rana. Wata mota ta taho, ta wuce ta gefenta, ko kusa da su ba ta zo ba. Kawu ya ce, "Ka gani? In kowa ya riƙe nasa gefe, ba a karo."

Suna miƙa takarda, ladan ya kira azahar. Mai faci kuma ya gyara keke.

Da suka dawo, Iya ta ji labari, ta yi dariya har da hawaye. "Ni tuwo na koya maka, ja'iri!"

Washegari Kawu ya sake ba shi keke. Yaro ya riƙe hagu. Ya gane cewa mai keke gefen da aka tsara yake bi, ba wanda ransa ke so ba.