Fijon Marigayi Ya'u

Ƙafafuwansa Ikilima ta fara gani. Ummanta ce ta aike ta sayen daddawa gidan Iya, can wajen tsohuwar tashar Daura. Ta yi sallama ta shiga, sai ta tarar da wata tsohuwar mota ɗore kan duwatsu a tsakar gida, tsatsa ta cinye ta har ba a gane launinta na asali, ga ƙafafu biyu masu faso sun leƙo daga ƙarƙashinta.

Mai ƙafafun ya ɗauka Iya ce, ya miƙo hannu ya ce a ba shi sifana. Ikilima ta duba tarin ƙarafan da ke ƙasa, ta zaɓi wanda ya fi mata kyau ta miƙa masa. Ashe filaya ce. Ya turo kai waje zai yi mita, suka haɗa ido, mitar ta maƙale.

"Sannu da aiki," ta ce tana danne dariya. "Wannan kuwa tana da rai?"

"Barci take," in ji shi.

Sunansa Saminu, ɗan Iya ne, sana'arsa gyaran janareto da injin ban ruwa. Ranar fuskarsa duk baƙin mai ce, gashinsa cike da garin tsatsa, babu abin so a jikinsa da mai hankali zai nuna. Amma daga ranar daddawa ta daina daɗewa a gidan su Ikilima, kullum sai ta gano ta kusa ƙarewa.

Motar Fijo ce 404, ta mahaifinsa marigayi Direba Ya'u, wanda ya yi shekaru yana jigila tsakanin Daura da Damagaram ta Kongolam. Ranar da ciwon ajali ya kama shi, da kansa ya shigo da ita ta babbar ƙofar da ke kallon titi, ya kashe ta, ya ce gobe zai duba mata birki. Saminu yana ƙarami a lokacin. Aka toshe ƙofar da zana, motar ta zauna. Da ya girma ya ƙudurce a ransa sai ya sake jin kukanta, duk abin da ya samu a gyaran injuna a cikinta yake ƙarewa.

Ikilima ba ta san komai a kan mota ba, amma ta iya tambaya.

"Direbana, yau me aka gyara?" za ta rubuto masa.

"Gambun baya ya buɗe, Iki. Kujerar gaba na ajiye maki, ko Iya ban bari ta zauna ba."

"Allah Ya sa kafin in tsufa."

Matsalar ita ce mahaifinta. Malam Sada tsofaffin ƙarafa yake saye, yana aunawa yana lodawa Kano. Irin mutanen nan ne da in sun kalli abu nauyinsa kawai suke gani, kuma ya sha aika wa Iya ta sayar masa da motar ta huta, tana ƙi.

Da Kawu Lawal, ƙanin marigayi, ya je nema wa Saminu izini, ya tarar da Malam Sada kan dakali cikin abokansa bayan la'asar. Malam Sada ya ce shi bai san yaron da wani mugun hali ba, yana sallah, yana girmama na gaba. Amma ya san ƙarfe fiye da kowa a unguwar nan, kuma ya san motar ta mutu. Yaron da zai hana cikinsa ya ciyar da matacce, da me zai riƙe 'yar mutane? Ko ɗakin ajiye ta ba shi da shi. Kawu Lawal ya yi ta ba da haƙuri, har ran Malam Sada ya fara ɓaci.

"To shi ke nan, Lawal. Ranar da gawar nan ta tako da ƙafarta zuwa ƙofar gidana, ba turi ba ja, ranar na ba shi Ikilima."

Aka yi dariya. Duk wanda ke wurin ya gane kora ce aka yi cikin mutunci. Saminu kaɗai ya ji maganar ya ɗauke ta alkawari.

Ya fara da ɗaki, tunda an yi masa gori a kai. Gidan Iya ƙarami ne, babu inda ya rage sai bakin tsohuwar ƙofar motar. Ya cire zanar, ya gina ɗaki na tubali a wurin, ya rufa kwano, ya shafa shuɗin fenti da Ikilima ta zaɓa. Iya ta tambaye shi ta ina motar za ta fita. Ya nuna mata katangar baya, gajera ce, bayanta fili ne da babu kowa tun yana yaro. In lokaci ya yi zai fasa ta ya fita ta can. Lissafin ya yi kyau a baki.

A wannan tsakanin Abdulrazak ya bayyana. Ɗan abokin Malam Sada ne, yana fataucin shanu a Mai'adua, yana zuwa zance cikin mota mai sanyi wadda ba a taɓa jin ta yi tari ba. Abin haushin, ba shi da aibu. Yana da kunya, yana da kyauta, Umma tana ganinsa bakinta ba ya rufuwa. Ikilima takan fito ta gaishe shi, ta zauna tana kallon ƙasa har ya gaji ya tafi.

Saura kafireta, wadda ke shayar da inji mai, motar ta tashi, kuma an daina samun irinta. Saminu ya ji labarin wani tsohon bakanike a Mashi da ke da ita, amma ya ce ba ta sayarwa ba ce sai dai a biya shi da aiki. Saminu ya tare a can yana gyara masa injin niƙa da na rijiya. Tsohon yana da 'ya budurwa, Haulatu, ita ke kawo abinci. Kafin ya dawo labari ya riga shi isowa Daura, an ƙara masa gishiri, wai har an sa masa rana da ita.

"Na ji an ce kujerar gaba ta samu mai ita a Mashi. Allah Ya sanya alheri," Ikilima ta rubuto.

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa.

"Iki, wallahi ko fuskarta ban riƙe ba. Ƙarfe na zo nema, kuma don ke na zo neman sa."

Ya hau babur ya kamo hanyar gida da kafiretar naɗe cikin tsohuwar riga, zuciyarsa ba daɗi. Yana shiga gida ya ga hasken tsakar gidan ya canza. Ya ɗaga kai. Bayan gajeriyar katangarsu wata sabuwa ta tashi, ta bulo da siminti, ta fi shi tsawo. Mai filin ya sayar, sabon mai shi ya kewaye kayansa cikin 'yan kwanaki. Saminu ya yi ta sintiri wurin dillali yana roƙo a buɗe masa ko na yini ɗaya. Aka ce mai wurin yana Abuja, kuma ba ya son magana.

Duk da haka ya ɗaura kafiretar, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Wata safiya ya murɗa makulli, motar ta yi tari, ta yi kakari, ta kama. Hayaƙi ya cika gida. Iya ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya tana sauraro, sai ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, don muryar da ta daɗe da binnewa ce ta ji. Saminu ya sa giya, ya matsa gaba kaɗan ya tarar da ɗakin amarya, ya dawo baya ya tarar da katanga. Ya kifa kai kan sitiyari ya yi kuka kamar yaro, bai ji kunyar kowa ba.

Da yamma saƙon Ikilima ya shigo, na farko tun na Mashi.

"Na bincika, na san ƙarya aka yi maka, ka yafe mani. Amma Baba ya ce iyayen Abdulrazak su zo Juma'ar bayan Sallah. Ba zai tilasta mani ba, ni ce na gaji da ganin Umma tana kuka, kuma ba zan auri wanda Baba bai sa ma albarka ba. Direbana, in babu hanya ka faɗa mani gaskiya."

Sallah ta zo ta wuce, ko naman kirki bai ci ba. Ranar Alhamis ya zauna gaban Iya ya faɗa mata abin da ke ransa. Ta juya ta kalli shuɗin ɗakin.

"Ɗakinka ne, kai ka kwaɓa ƙasarshi. Amma ka duba gabas, damina ta kawo kai. In ka rushe, ba ka gama maida shi bana ba. Kuma Sada zai ce ka rushe ɗakin mace don ƙarfe."

"Na sani, Iya."

Ranar Juma'a da hantsi ya kwance kwanon, ya ɗauki diga. Ya fara da bangon cikin gida, sannan na titi. Maƙwabta suka taru suna kallo, wasu na cewa aljanun motar ne suka taɓa shi. Babu wanda ya kama masa, babu kuma wanda ya hana shi. Bayan an sauko daga masallaci ya share hanya, ya shiga motar da ƙurar jan ƙasa har gira, ya bi ta tsakiyar ɗakin aurensa ya fita titi.

Tafiyar ba ta da nisa, amma motar ta yi ta kamar mai ciwon ƙafa. Tsofaffin direbobi da ke zaune bakin tasha suka miƙe tsaye, wani ya ce motar Ya'u ce, ya cire hula. Tun daga kan kwana Saminu ya ji wani ƙwanƙwasa a cikin injin, allurar zafi ta haura. Ya san ma'anarsa. Ya san kuma in ya tsaya ba za ta sake tashi ba, sai ya ƙara taka ta yana salati.

Malam Sada yana kan dakali da baƙinsa na Mai'adua, ko gaisuwa ba su gama ba. Fijon ta shigo layin tana hayaƙi, ta tako har gaban zauren, ta yi wata ƙara kamar an saki taɓarya cikin turmi, ta mutu. Baƙin mai ya fara ɗiga ƙasa. Injin ya buga, irin bugun da ba a gyarawa.

Labarin ɗakin ya riga motar isowa. Malam Sada ya miƙe, ya zagaya ta, ya dafa bodin ya janye hannu don zafi. Fuskarsa babu walwala. Ya ce abin da ya faɗa tun farko ke nan, ga shi yau kowa ya gani, an rushe ɗakin mace don ƙarfe, ƙarfen ma ya mutu.

Saminu ya fito ya durƙusa. Daga cikin zaure ana jin shessheƙar Ikilima.

"Baba, gaskiyarka. Yanzu ba ni da ɗaki, ba ni da mota. Na kawo ta ne don kada Ikilima ta ce ban gwada ba. Maganar da ka yi, na san cikin fushi ka yi ta, ban riƙe ka da ita ba. Ka ba ta wanda ka ga ya dace."

Malam Sada ya kalli motar, ya kalli yaron da ke durƙushe cikin ƙura, ya kalli abokan da suka yi dariya a wancan karon. Sai ya juya ga mahaifin Abdulrazak ya ce ya yi haƙuri, shi ma shaida ne, da ƙafarta ta zo. Dattijon bai ji daɗi ba, amma ya ce magana ta riga ta fita, Allah Ya sa haka ya fi alheri.

"Kai kuma," in ji Malam Sada, "maganata ba kai ka ɗaure ta ba, balle ka kwance. Tashi ka je ka kwaɓa ƙasa."

Motar tana nan inda ta mutu. Malam Sada bai ɗora ta kan sikeli ba, bai kuma bari kowa ya taɓa ta ba, sai dai kullum yana mitar ta tare masa ƙofa.

Iya ta yi gaskiya. Saminu ya samu ya maida bangon titi ya rufa kwano, sannan ruwa ya sauka, tubali ya ƙi bushewa. Malam Sada ya ce shi ba ya ajiye alkawari ya kwana biyu, a ɗaura haka nan. Aka ɗaura aure a ƙofar gidansa, mutane na jingine da Fijon suna shafa fatiha. Aka kai amarya ɗaki mai bango uku, na huɗun zana ce aka ɗaure da igiya.

Washegari da safe aka tashi da ruwa. Feshi ya shigo ta zanar ya jiƙa gefen katifa. Saminu ya tarar da Ikilima tana janye akwatunanta zuwa lungu, lallen hannunta ko dushewa bai yi ba. Kunya ta kama shi har ya kasa haɗa ido da ita.

"Ki yi haƙuri, Iki. Ba irin ɗakin da na so in kawo ki ba ke nan. Da kaka ta yi zan gina maki bangon."

Ta ajiye akwatin, ta dafa zanar da ke ɗigar ruwa.

"Kada ka yi gaggawa, angona. Waɗannan ukun kowa ma yana gina ma matarshi. Wannan da babu, shi ne nawa."

Iya tana daga tsakar gida da kwanon koko a hannu, zana ba ta ɓoye magana. Ta goge ido da bakin zani, ta yi gyaran murya kafin ta ɗaga labule.

"Allah Ya yi maku albarka, Ya rufa maku asiri, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku. Ku karɓi kokon nan kafin ruwa ya shiga."

Suka ce amin, su biyun a tare.