Yankan Malam Sada

Ranar da Ismail ya fara ganin Najiba, ɗinkin mahaifiyarsa ya je karɓa a shagon su Najiba da ke unguwar Barade. Da ya tarar ba a gama ba, sai ya zauna a benci ya buɗe kwamfutarsa, ya ci gaba da zanen da ya shafe wata uku a kansa: sulken mayaƙan wata duniya ta nan gaba, na wasan kwamfuta da yake haɗawa da abokansa na jami'a.

Ta tsayar da keken ɗinki ta leƙo.

"Wannan jarumin naka, da me yake kare kansa?"

"Garkuwar haske," in ji shi. "Daga wuyan hannunsa take fitowa ta tare harbi."

"To ƙafarsa kawai za ta kare. Ka ɗinke masa hammata tam, ba zai iya ɗaga hannu ba."

Ya dubi zanen, ya dube ta. Mutum biyar masu digiri sun duba aikin nan, babu wanda ya ga haka. Ta ɗauki alli ta zana wani ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a kan tebur.

"Haka Baba yake sawa a hammata. Shi ya koya min."

Ismail mutum ne mai yawan shiru, wanda ya saba ajiye maganarsa a ciki har ta tsufa. Amma washegari sai ga shi yana rubuta mata saƙo: "Malamata, jarumin ya ɗaga hannu, garkuwar ta buɗe daidai ƙirjinsa. Ban san yadda zan gode miki ba."

Ta amsa: "Ka gode wa hammata, Mai Sulke. Ka ci abinci kuwa?"

Wata shida ana haka, magana ta kai gaban mahaifinta, Malam Sada, tsohon tela wanda iyayensa suka zo daga Zariya.

"Sana'ar da ba a aunawa, ba a yankawa, ba a sawa a jiki, ni ban san ta ba," ya ce wa 'yarsa. "Ga Sirajuddeen mai shagon taki a garin Mutum Biyu, sau biyu yana aiko manya."

Da Ismail ya ji, sai ya janye jiki. Kwana takwas bai kira ba, yana ta tattara wa kansa dalilan da suka sa bai cancance ta ba. A na tara saƙonta ya shigo: "Ni ka kunna wa garkuwar ke nan? Juma'a Baba zai ba mutanen Mutum Biyu amsa. Ka zo Alhamis da zanen, a takarda."

Ya je, ya durƙusa ya gaida tsohon, ya shimfiɗa takardar. Malam Sada ya sa tabarau yana bin zanen da yatsa ba da wata sha'awa ba, har yatsan ya kai hammata ya tsaya.

"Wa ya ba ka wannan yankan?"

"Naka ne, Baba. Najiba ta nuna min. Tun a ranar na rubuta sunanka a ƙasansa, don kada a ce nawa ne."

Tsohon ya matso da takardar kusa da idonsa, ya karanta a hankali: Yankan Sada. Shekara arba'in yana wannan yanka, yara suna kwaikwaya su buɗe shagunansu, babu wanda ya taɓa ambaton inda ya samo.

Ya yi gyaran murya, ya miƙa hannu aka ba shi alli.

"Wuyan ya matse. Mutum zai shiga yaƙi bai iya waiwaya ba?"

Suna kan wuyan nan har aka kira la'asar. Da tsohon ya tashi alwala ya ce, "Ka gyara ka dawo da shi. In za ka dawo, ka zo da manyanka."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure a Barade. Malam Sada da kansa ya yanka kaftanin ango. Da liman ya ce a shafa, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ta gari, Ismail ya ɗaga hannuwansa biyu, ya ji babu inda ya ja shi. Ya daɗe bai sauke su ba.