Ƙunshin Gwaggo Akosita

"Wannan abincin mutum ne ko na akuya?" Finau ya tambaya, yana juya ganye da dafaffen kifi a faranti.

"Na mai son ƙafarsa ne," in ji matarsa Meleane. "Ci ka tashi, yau ma sai mun taka har bakin teku."

Wata biyu ke nan da likita ya ce masa ciwon suga ya kama shi, in bai rage teɓa ba, gyambon da ke yatsan ƙafarsa zai ci ƙafar. Meleane ta sha kuka, ta ɗaura ɗamara. Dangin mijin kuwa, waɗanda kowannensu sai ya karkace yake shiga ƙofa, suka samu abin dariya. Kullum suna baje a inuwa suna nuna su da baki, wai ga mai tsiya tana kiwon miji a kan titi.

Babbar matsalar ita ce Gwaggo Akosita, yayar mahaifinsa. A ƙasarsu Tonga kuwa maganar gwaggo yankan wuƙa ce. Duk Lahadi bayan coci, idan gidaje suka fara musayar abinci, sai ta aiko da ƙunshin ganyen gwaza cike da kitsen rago da madarar kwakwa, wai a ba ɗanta ya murmure.

Mayar mata da shi ba zai yiwu ba, zubarwa kuma zunubi. Sai Meleane ta miƙa wa maƙwabciya a matsayin nasu rabon. Maƙwabciyar abinci ya yi mata yawa, ta tura gaba, na gaba ma suka tura. Kafin rana ta karkata, ƙunshin ya zaga unguwa ya sauka gaban Gwaggo, da ƙullin da babu mai yin irinsa sai ita.

Da yamma sai ga ta tana haki, dangi na biye.

"Ke 'yar gidan uban waye da za ki yi sadaka da abincina?" Ta kalli Meleane sama da ƙasa. "Ji ta, kamar sandar rake. Kin tsotse mini ɗa, har a coci ana tambayata ko yunwa muke yi. Finau, ka cinye wannan a gabana, ita kuma ta tattara ta koma gidansu."

Meleane ta durƙusa, hawaye na zuba. "Gwaggo, na yi kuskure, ki yafe mini. Amma don Allah kar ya ci."

"Rufe mini baki."

Finau ya dubi ƙunshin, har yawunsa ya tsinke, don shi ma ba wani jarumi ba ne a gaban kitse. Sai ya dubi matarsa, wadda ke wanke masa ciwo safe da yamma ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Ya zauna a ƙasa gaban Gwaggo, ya warware bandejin.

Dangin da ke ta gyaɗa kai ɗazu suka kau da fuska.

"Gwaggo, ban taɓa tsallake maganarki ba. In kin ce in ci, zan ci. Amma ran da za a yanke ƙafar nan, ke za ki riƙe ni, tunda kin kori mai riƙe ni."

Gwaggo ta daɗe tana kallon yatsan. Ta ture ƙunshin gefe, ta juya ga Meleane.

"Ke kuma kin tsaya kallona? Zo ki ɗaure masa kafin ƙuda su taru."

Ba ta ba da haƙuri ba, irin su Gwaggo ba su san hanyarsa ba. Washegari dai ta kafa doka cewa duk dangi za su riƙa takawa zuwa bakin teku, kuma ta shaida wa kowa cewa dabararta ce. Masu dariyar jiya suka bi layi suna nishi.

Bayan wata huɗu gyambon ya rufe, Finau ya shiga coci da takalmi a ƙafa biyu, Meleane na gefensa. Ba a gode mata a bainar jama'a ba, ita ma ba ta nema ba. Wanda yake ƙaunarka da gaske shi ne zai jure zagin duniya ya hana ka abin da zai kashe ka, ko da kai da kanka kana hararar sa a kan faranti.