Takardar da Choji Ya Sa wa Hannu

A tashar jirgin ƙasa ta Silver Spring Pauline ta fara ganinsa, cikin sanyin 1984, dogo siriri kamar karan dawa, yana tambayar hanya da Turancin mutanen Jos. Ta ce, "Sannu, ɗan gida." Choji ya juyo, nan take ya manta inda za shi.

Gudun dogon zango ne ya kawo shi Amurka. Wata jami'a ke ɗaukar nauyin karatunsa shekara-shekara, shi kuma yana ciyo mata kofuna. Pauline kuwa aikin jinya take koyo. Duk Lahadi a coci sai ta tsinci 'yar wasiƙa cikin littafin waƙarta: "Tauraruwata, jiya na zo na ɗaya, amma da ban gan ki ba sai na ji kamar ni ne na ƙarshe."

Mahaifinta, Baba Bartholomew, bai yi na'am ba. "Gudu sana'a ce? Ranar da ƙafa ta ƙi fa?"

Ranar kuwa ta zo. Gwiwar Choji ta kumbura, koci mai horar da su ya ce a yi allura a ci gaba. Ya ci gaba har jijiya ta tsinke.

Yana kan sanduna kocin ya kira shi ofis, ya dafa kafaɗarsa, ya miƙa masa takarda. A gidan su Choji, karanta takardar babba a gabansa tamkar ce masa maƙaryaci ne. Ya sunkuyar da kai, ya sa hannu, har da godiya, bawan Allah.

Pauline ce ta karanta masa kwafin. "Masoyi, an rubuta kai ka bar ƙungiyar gudun da kanka. Sun yanke tallafin."

"Amma ya ce min ɗansa ne ni."

Babu karatu, babu biza. Abin ya yi wa Baba Bartholomew ciwo, don ladabin da shi ma yake koya wa 'ya'yansa ne aka cuci yaron da shi. Sau uku yana saka kwat yana raka Choji jami'ar, sau uku ana nuna musu sa hannun.

Choji ya ce, "Ki manta da ni, Pauline. Gurgu zan koma gida."

"To gurgun nake so. Jos ma akwai asibiti."

An ɗaura auren saura kwana huɗu jirginsu ya tashi. Amarya ta rage sauri don ango ya iya jerawa da ita, mata suna guɗa suna share hawaye.

Baba Bartholomew ya riƙe hannayen ango da amarya. Sannan ya ce, "Ɗana, sun karɓi ƙafarka sun sallame ka hannu wofi. Ni ba zan bari ka koma haka ba. Ga 'yata tilo. Allah ya yi muku albarka."