Bugu Biyu a Ƙirjin Kyanwa

Ka taɓa kara kunnenka a ƙirjin tsohuwar kyanwa?

Likitar dabbobi tana rufe ɗakin aikinta gab da magariba, sai ga tsohon nan mai gyaran agogo na ƙarshen layi.

"'Yata, zo ki duba min kyanwata. Numfashi ya ƙi."

Ta bi shi. Shagon na warin man inji da tsohuwar ƙura. Agogo ko'ina a bango, kowanne da nasa ƙas-ƙas. Kyanwar na kwance kan teburi, baki buɗe, dasashi ya yi fari fat. Ƙafafun bayanta sun yi sanyi ƙalau.

"Shekarunta nawa, Baba?"

"Sha tara."

"Ciwon zuciya ne. Tsufa kan kaurara musu naman zuciya har jini ya kasa gudana. Me ya sa ba ka kira ni ba sai yau?"



Ta ɗora abin sauraro a ƙirjin kyanwar. Bugu mai sauri, mai tuntuɓe. Wannan ta san shi. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani. Mai nauyi. A hankali. Irin na mutum.

Ta kama wuyan hannun tsohon. Shiru. Babu bugu ko ɗaya.

"Shekara goma sha biyu ke nan da asibiti suka sallame ni in mutu a gida," ya raɗa. "Kyanwar nan ta hau ƙirjina ta kwanta. Tun ranar ita ke ɗauke da zuciyata."

Agogunan suka tsaya gaba ɗaya.

Kyanwar da ba ta iya tashi ta yi tsalle ta maƙale a ƙirjin likita. Farata suka huda riga. Wani abu ya fara jan zuciyarta kamar ana zare zare.

"Yi haƙuri, 'yata. Tata ta gaji. Taki sabuwa ce."

Da ƙyar likita ta fizgo "A'uzu billahi!" Ta yage rigar aikinta ta yar da kyanwar a jiki, ta faɗa titi ba takalmi.

Da safe maƙwabta suka iske tsohon da kyanwarsa sun sandare.

Likita ta rayu. Sai dai kullum magariba zuciyarta kan tsallake bugu ɗaya, kuma ta daina zuwa duba dabba a gidan kowa.

In kana da tsohuwar kyanwa, ƙirga numfashinta yau tana barci. In ya wuce talatin a minti ɗaya, kai ta wurin likita. Da rana. Kada ka bari ta kwana a ƙirjinka.