Shaidar Masu Fushi da Tartsatsi

Hafsah na zaune a tsakar gidansu da ke Gyaɗi-Gyaɗi tana tsince shinkafa, ƙaramar rediyon Inna na kan turmi tana ta zuba. Ranar Asabar ce da hantsi, lokacin shirin da samari ke bugo waya su faɗi ra'ayinsu kan sababbin waƙoƙi. Shekara huɗu ke nan da sojoji suka koma bariki, wayar hannu ta fara shiga aljihun Kanawa, kuma duk wanda ya samu kati gani yake dole ne duniya ta ji muryarsa.

"Ni dai wallahi Tartsatsi ya ba ni kunya," in ji wani mai kira daga Hotoro. "Mu yi ta jira shekara da shekaru, sai ya kawo mana wa'azi? Wannan ai ba raf ba ne, waƙar reno ce."

Hafsah ta ci gaba da tsinta, sai dai shinkafar take zubarwa tana barin tsakuwar. Tartsatsi sunan waƙa ne. Sunansa na yanka Junaid, ɗan Tarauni, kuma shi ne wanda magabatansa suka zo neman aurenta makonni uku da suka wuce. Har yanzu Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Yayanta Usaid ya fito daga ɗakinsa yana ɓalle maɓallin riga. Shi fa a da ko ƙuda ba ya so ya sauka a kan Tartsatsi. Kaset ɗin farko, mai suna Hayaƙin Taya, sai da ya cinye guda uku don sauraro. Amma tun da sabon albam ɗin Ruwan Randa ya fito, ya daina amsa gaisuwar ƙanwarsa da kyau.

"Kin ji ko? Ƙaro murya ki ji aikinki."

"Yaya, ni na rubuta masa waƙoƙin?"

"Gara ma a ce ke kika rubuta. Mutumin nan shi ne bakinmu. Mun gama makaranta ba aiki, ba wuta, ba wanda ya damu da mu, shi kaɗai ya fito ya faɗi abin da ke ranmu. Daga fara zuwa zance wurinki ya koma yi wa tsofaffi waƙa. Haba, Hafsah."

"Girma ya yi, Yaya."

"Lalacewa dai."

Inna Huraira ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ku biyun nan, in kun gama, shinkafar tawa nake jira."

Gyaran muryar Baba ne ya raba su. Malam Isyaku tsohon sufeton makarantu ne, ya yi shekara talatin yana faɗo wa hedimastoci ba sanarwa. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma a wurinsa duk mai riƙe da makirfo maroƙi ne, ko da kuwa da Turanci yake roƙon. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne wata waƙa a tsohon kaset ɗin, inda Junaid ya yi wa malaminsa na firamare, Malam Shehu, tatas: ya kwaikwayi in'inarsa, ya yi dariyar takalminsa mai faci. Usaid ne ya kunna wa Baba ita, ba kuma don Allah ba.

"Gobe zan yi binciken yaron nan," in ji Baba. "Kawunnanku sun je unguwarsu, an ce musu mutumin kirki ne. To, maƙwabci ba ya ɓata aure. Ni a aikina ban taɓa tambayar malami yadda yake koyarwa ba, ɗalibansa nake tambaya. Usaid, ina masu sauraronsa ke taruwa?"

"Shagon kaset na Rabi'u, Baba, a bakin kasuwar Tarauni."

"Kai za ka kai ni. Kada ka faɗa musu ko ni wane ne."

Usaid ya dubi ƙanwarsa da murmushin mugunta. Hafsah kuwa ta san a duk Kano babu inda ake cin naman Junaid kamar benci biyun da ke ƙofar shagon nan.

Bayan la'asar Junaid ya zo zance kamar yadda ya saba. Dogo ne siriri, ya daina sa hular hana-salla da sarƙar da aka san shi da su, sai farar shadda wadda bai riga ya iya zama a cikinta ba. Suna zama a zaure ta kwashe labari ta faɗa masa.

"Ka tura abokanka su cika wurin tun da safe. Ko mutum biyar ne, su faɗi alheri. Don Allah, Junaid."

Ya girgiza kai. "Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba ka damu ba?"

"Hafsah, in na shirya wa Baba shaidu, to da ƙarya na fara aurenki. Shekaranjiya furodusa ya kira ni, ya ce mu koma situdiyo in yi wa masu sauraro irin na da, waƙa huɗu kawai, su huce. Na san yadda ake yi, a sati ɗaya zan gama. Na ce masa a'a. Ta yaya zan ƙi yi wa masoyana ƙarya, in zo in yi wa mahaifinki?"

"To in ya hana fa?"

"Sai in yi haƙuri in sake dawowa. Amma abin da suka ce game da ni, shi zai ji."

Ta tashi ta shige gida ba ko sallama. A ɗakin Inna ta faɗa kan gado ta yi kuka mai isarta, tana cewa ya fi son gaskiyarsa a kanta. Inna ta bar ta ta gama, sannan ta miƙo mata ruwa.

"Ke yarinya ce. Namijin da zai ƙi yi miki ƙarya don ya same ki, shi kike yi wa kuka? Tashi ki wanke fuskarki. Abin da Allah ya rubuta ba benci ne zai goge shi ba."

Washegari Baba ya sa tsohuwar rigarsa, ya ɗauki ɗan littafin da yake rubutu a ciki tun zamanin aiki, suka fita da Usaid. Ba su dawo ba sai bayan azahar. Usaid ya shigo yana fito, ya tsaya kan Hafsah.

"Awa biyu cur, ƙanwata. Ba wanda ya raga masa. Baba sai rubutu yake yi, har biro ya ƙare na ara masa nawa."

Baba kuwa ya ƙi faɗin hukuncinsa. Kwana ɗaya, biyu, har biyar. Abin da kawai Hafsah ta lura da shi, ya karɓi rikodar Usaid ya shiga da ita turakarsa, yana rufe ƙofa. Ita dai ta rame, ta daina sauraron rediyo. Sau da yawa ta so ta je ta durƙusa ta roƙe shi, Inna na hana ta. Junaid ma bai sake zuwa ba, don ya ce ba zai taka zauren ba sai an yanke hukunci. Ta ji haushinsa, ta kuma yi kewarsa, kewar ce ma ta fi yawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya tara su a falo, har da Junaid da ya aika aka kira. Ya sa tabarau, ya buɗe littafin.

"Malam Junaidu, masoyanka suna fushi da kai ƙwarai. Wani ya ce ka cire zagi kaf daga waƙoƙinka, yanzu ko uwarsa za ta iya sauraro, kuma wannan abin takaici ne. Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"Wani ya ce ka ɓata minti bakwai kana yi wa mahaifiyarka waƙa, kana lissafa yadda take tashi da asuba ta soya waina. Ya ce ba a iya rawa da ita." Baba ya juya shafi. "Shi Rabi'u mai shagon har jijiyar wuyansa ta tashi. Wai ka zo da kanka ka roƙe shi ya daina buga tsohon kaset ɗin, alhali shi ne ke tafiya a kasuwa. Saboda me?"

"Saboda waƙar Malam Shehu, Baba. Jikokinsa suna jin ana rera ta a makaranta."

"Sun ce ka je gidansa a Daurawa ka durƙusa, har an gan ka kana kuka. Wannan ne ya fi ba su haushi. Wai gwarzonsu ya yi kuka gaban tsoho."

Junaid ya sunkuyar da kai. Baba ya cire tabarau ya rufe littafin.

"Na je Daurawa shekaranjiya. Malam Shehu ya ce ya yafe maka tun kafin ka zo, amma zuwan naka ya ƙara masa kwana. Ni kuma na saurari kaset ɗin biyu. Ban ce ina son kiɗan nan ba, har yanzu kaina yake sarawa. Sai dai wanda ya yi na farko yaro ne mai jin zafi, wanda ya yi na biyu kuma ya san abin da zafin ke jawowa. Bai daina faɗa wa masu mulki gaskiya ba, akwai ta rashin ruwan famfo a ciki, ashar ɗin kawai ya ajiye." Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma Usaid, ka kai ni wurin ne don a ɓata shi. Mutum goma sha ɗaya sun zage shi awa biyu, cikinsu har da kai, na nemi aibi ɗaya da zan rubuta na rasa. Ka san wanda ya fi kowa haddace sabon albam ɗin a wurin? Kai ne. Baiti-baiti kake kawowa kana kushewa."

Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Usaid ya sosa ƙeya.

"Ta wainar ce kawai, Baba... tana da ɗan daɗi."

"Malam Junaidu, ka ce wa magabatanka su dawo ranar Lahadi. Na ba ka Hafsah."

Hafsah ta ruga ɗaki, wani kukan ya ƙwace mata, na daɗi wannan karon. Da ta tuna cewa da Junaid ya bi shawararta ya cika bencin da abokansa, da yabo Baba zai ji, kuma tsohon sufeto ya san warin yabon da aka shirya tun daga nesa, sai kunya ta rufe ta. Da ya zo fita ta tsaya a bakin zaure, kanta a ƙasa.

"Ka yafe mini."

"Ni da na kusa tura su sau uku?" Ya yi dariya a hankali. "Allah ne dai ya riƙe ni."

An ɗaura aure bayan babbar salla. Ruwan Randa bai taɓa samun kasuwar da Hayaƙin Taya ya samu ba, wasu masoyan sun tafi ba su dawo ba, wasu sun dawo bayan su ma sun yi iyali. Junaid bai yi nadama ba, Hafsah ma haka.

'Yan'uwa matasa, darasin a fili yake. Duk wanda ya gyara halinsa sai ya rasa wasu masu tafa masa, kuma rashin nan da ciwo. Amma kada ku sayi yabo da ƙarya, kada ku gaji da haƙuri. Ku gyara tsakaninku da Allah, ranar da za a bincike ku, masu fushi da ku ne za su ba da shaidar da ta fi ta masoyanku ƙarfi.