Faifan da Ya Fi Ƙarfin Gidansa

Sufeto Sharfuddeen bai ko kurɓi shayinsa ba aka kawo ƙara daga wani ƙauye kusa da Suki: duk abin da ke cikin na'urar ajiyar ƙungiyar manoma ya ɓace. Tun da ofishinsu ya ƙone, hotunan takardun gonaki can kaɗai suka rage.

Da ya isa ƙauyen, a bakin ƙofar ɗakin na'urar ya tarar da Ruqaya. Mijinta ya rasu, 'yan'uwansa na neman ƙwace hawasharta, gonar da take ci da marayu, kuma hujjarta na cikin na'urar.

Ibtisam, injiniyar da ta haɗa na'urar, ta zo daga Sinja ranta a ɓace. Tana buɗewa ta yi tsaki. Faifai biyu ba nata ba ne, an ma kwance sukurorin da wuƙa. Ta ce sababbin sun fi girma, amma masu rubutu layi kan layi ne kamar ciyawar jinka, in za a gyara ɗaya sai an ɗaga na kusa. Tsohuwar na'urar ba ta iya jiransu, sai ta tofar da su. Da ɗaya aka cire da ta farfaɗo, biyu kuwa sai haƙuri.

Makullin ɗakin na hannun shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdulmuttalib. Ya rantse ko ƙofar bai taɓa ba, ya ɗora wa wutar lantarki laifi. Sufeto ya ji kansa na sarawa. Wuta ce ke riƙe wuƙa?

Ibtisam ta tuna cewa ƙungiyar na ɗiga jan fenti a kan duk kayanta, daga fartanya har faifai. Sufeto ya nufi shagon Lukman mai ɗaukar bidiyon biki, surukin Alhaji. Lukman ya ce a Managil ya sayi fayafayansa. Ga jan fenti nan ɓaro-ɓaro a kansu.

Aka haɗa shi da Alhaji gaba da gaba.

Sufeto ya ce, "Alhaji, wa ya ba shi?"

"To, ni na! Yaron ya sawo manya, injinshi na tafiyar hawainiya da su, ga biki ya matso. Munka yi musaya. Nan garin in ka ɗauki ƙwarya ka maido babba, godiya aka yi maka. Mi ne laifina?"

"Ka tambayi injiniya?"

"In tambayi sa'ar ɗiyar cikina?"

Ibtisam ta jona tsofaffin fayafayan. Lukman ya riga ya goge su tas, ya cika su da rawar biki. Sufeto ya ji kamar ya fasa ihu don takaici.

Ana tura Alhaji cikin mota yana ta faɗin girman faifansa. Ruqaya ta tare gabansa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba Alhaji, gobe in an kira ni gaban kwamitin gonaki, bikin wa zan nuna musu?"